Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Yadda Ake Jawabi A Babbar Kasuwar Anacha

Duk wanda ya taɓa sauka a Anacha, watau Onitsha ta Jihar Anambra, ya doshi babbar kasuwar garin da ke bakin Kogin Kwara, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne sauri. 'Yan dako na gudu da kaya a ka suna neman hanya, masu baro na ta kuwwa, yaran shaguna na jan rigar mai wucewa, mai saye da mai sayarwa kuwa sai su gama ciniki tun baƙo bai gane abin da ake tayawa ba. Ana lissafa kasuwar nan cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, wanda ya yi nawa a cikinta kuwa, ciniki ya wuce shi.

Amma akwai wani aiki guda a kasuwar wanda sauri ke ɓatawa, shi ne aikin mutumin da zai miƙe gaban taro ya yi magana da yawun jama'arsa. Hausawan Anacha suna zaune ne a tsakiyar mutanen da harshensu daban, al'adarsu daban. In an tashi ƙara kuɗin haya ko na sauke kaya, in an ce za a tashe su daga inda suke kasa haja, in yaro ya yi faɗa da yaro har magana ta nemi girma, to wani daga cikinsu ne zai je gaban shugabannin kasuwa ko jami'an hukuma ya faɗi abin da ke bakin mutanensa. Minti biyar ko goma za a ba shi. Kome kyawun hujjarsa, in ya zuba ta kamar ruwan kwarya har ba a kama ta ba, daidai yake da wanda bai zo taron ba.

TSOHUWAR HULƊA

Zuwan mutanen Arewa Anacha ba abin jiya ba ne. Tun kafin a yi hanyar mota, kogi shi ne hanya, Nufawa da Igala da Hausawa suna gangarowa daga wajen Lakwaja cikin jiragen ruwa da kanwa da tufafi, su koma da hajar Kudu. A cikin 1857 aka kafa tashar cinikin Turawa a garin, tare da mishan ɗin da Samuel Ajayi Crowther ya jagoranta. Daga 1886 zuwa 1900 kuma Kamfanin Royal Niger ya yi hedkwatarsa a Asaba, tsallaken kogi, sojojinsa kuwa da yawansu Hausawa ne. Har yau akwai tituna kusa da kasuwar masu ɗauke da sunan Bida da Sakkwato.

A ƙarshen 1965 aka gama babbar gadar da ta haɗa Asaba da Anacha, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe ta, makonni kaɗan kafin a kashe shi ran 15 ga Janairu, 1966. Yaƙin basasa ya raba mutane da gidajensu, kasuwar kanta ta ƙone a watan Oktoba na 1967. Da yaƙi ya ƙare a 1970 aka sake gina ta, fatake suka dawo. A 2023 aka ƙaddamar da gada ta biyu. Yanzu manyan motoci ne ke sauke albasa da tattasai da wake da busasshen kifi, su koma Arewa da atamfa da manja da kayan gyaran mota.

Haka abin yake a Inugu da Fatakwal. Kowane gari da Sarkin Hausawansa, kowace sana'a da shugabanta, kuma rabin aikinsu magana ce. A Inugu ma, cikin shekarun 1950, wani Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine na jam'iyyar NCNC, shi ya zama magajin garin farko na birnin. Mutum ba ya samun ƙuri'ar waɗanda ba harshensu ɗaya ba sai in sun gane abin da yake faɗa musu.

TARO ƊAYA, HARSUNA HUƊU

Taron kasuwa a Anacha yakan tafi da harsuna huɗu: Ibo, da Turanci, da Turancin buroka, da Hausa. Akwai 'yan kasuwa Ibo da yawa da suka zauna Sabon Garin Kano ko Jos ko Kaduna, suna jin Hausa. Akwai kuma 'ya'yan Hausawa haifaffun Anacha da Ibo ke bakinsu kamar ruwa. Wannan yakan ruɗi mai jawabi, ya ɗauka tun da ana jinsa a bakin rumfa, to za a ji shi a zauren taro. Alhali jin kasuwa daban, jin taro daban. A bakin rumfa haja na gaban mutum, yatsa na nuni, in ba a gane ba a sake tambaya. A taro kuwa ba mai katse dattijo ya ce ya maimaita, sai kowa ya kaɗa kai, ya tafi da abin da ya zata ya ji.

Galibi akan sa tafinta. Mai magana ya faɗi wani yanki ya tsaya, tafinta ya juya shi, sa'an nan a ci gaba. To, tafinta mutum ne, ba faifai ba ne, abin da kansa zai iya riƙewa a lokaci guda yana da iyaka. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa nan take bai wuce kamar guda bakwai ba. A 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya sake duba lamarin ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Saboda haka in mai jawabi ya yi minti biyu yana zuba bai tsaya ba, ya ambaci sunaye uku da farashi biyu da ranar wa'adi, tafinta ba shi da dabara sai ya taƙaita. In ya taƙaita kuwa, shi ya zaɓi abin da za a ji, ba mai maganar ba. Sau da yawa gaisuwa da godiya su ke tsira, sharaɗin da aka zo dominsa shi ke faɗuwa a hanya.

ABIN DA SAURI KE HAƊIYEWA

Hausa harshe ne da ke ɗora kaya mai nauyi a kan ƙananan kalmomi. A ɗauki maganar biyan kuɗi. "Mun biya" daban, "mu biya" daban, "ma biya" daban, "za mu biya" kuma daban. Na farko an riga an gama, na biyu shawara ce, na uku alkawari ne mai rauni, na huɗu ne alkawarin da za a iya kama mutum da shi. Bahaushe ba ya rikita su ko cikin barci. Amma wanda ya koyi Hausa da girmansa, in aka yi masa su da gudu, duk ɗaya yake jinsu. Haka "ba mu yarda ba": in "ba" ta farko ta maƙale a maƙogwaro, baƙon kunne na iya tafiya da "mu yarda", a tashi taro kowane ɓangare yana ganin shi ya yi nasara, sai bayan kwana biyu rigima ta tashi sabuwa.

Akwai kuma jan wasali da karin sauti. Garin zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, jan murya ne ya raba su, sauri kuwa abin da ya fara cinyewa ke nan. Harshen Ibo ma haka yake. Kalmar "akwa" tana iya zama kuka, ko tufa, ko ƙwai, ko gado, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Bahaushen da ya tashi burge taro da Ibo, in ya yi gaggawa, yana iya sayar da ƙwai alhali yadi yake nufi. Wata kalmar kuma al'ada ce ke riƙe da ma'anarta. In mai haja ya ce "albarka", ya ƙi tayin ke nan. Wanda ya san kalmar a wurin addu'a kaɗai yana iya ɗauka an sallama masa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen lissafi. Tsakanin "dubu ɗari biyar" da "dubu ɗari da biyar" ba kome sai "da" guda ɗaya, amma na farko 500,000 ne, na biyu 105,000. A Turanci ma sha biyar da hamsin kusan sautinsu ɗaya, haka sha shida da sittin. Daɗin daɗawa, akwai tsofaffin 'yan kasuwa da bakinsu ya saba ƙirga da jaka, watau fam ɗari na da, wanda ya zama naira 200 sa'ad da aka canja kuɗi a 1973. Dattijon da ya ambaci jaka a gaban matashin Ibo bai tsaya ya fassara ba, ya bar ƙofa a buɗe.

ME KE SA MUTUM GUDU?

Ba wanda ke miƙewa da niyyar ya yi sauri. Abu na farko da ke jawo shi tsoro ne. In mutum ya tsaya gaban idanu da yawa, musamman idanun da ba na gida ba, zuciya takan ƙara bugu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe. Magana kuwa a kan iskar da ake fitarwa take hawa. In iskar ta yi kaɗan sai mutum ya riƙa tura kalmomi da yawa cikin numfashi guda don kada ta yanke masa, ƙarshen kowace jimla ya nutse. A Hausa kuwa ƙarshen jimla ne mazaunin "ba" ta biyu, wadda ke rufe ƙin yarda.

Na biyu fushi ne. Wanda aka ƙwace wa kaya a hanya, ko aka rufe wa rumfa, in ya tashi magana zuciyarsa na gaba bakinsa na biye. Masu sauraro kuwa, in ba su kama kalmomin ba, sautin kaɗai za su kama, su ce ya zo faɗa ne. Na uku takarda ce. Mai magana da ka tilas ya tsaya ya yi tunani, tsayawar nan kuwa ita ke ba mai sauraro damar biyo shi. Mai karanta rubutaccen jawabi ya riga ya gama tunaninsa tun a gida, ba abin da ke riƙe shi, sai ya yi ta gangarawa kamar motar da birki ya tsinke. Na huɗu wa'adi ne: an ba mutum minti biyar, ya zo da maganar minti goma sha biyar, maimakon ya rage maganar sai ya ƙara gudu.

Sa'an nan ga lasifika. A ƙarƙashin rufin kwano, ko tsakanin dogayen benaye irin na kewayen kasuwar, sauti yakan bugi bango ya dawo. Gaɓar da ta dawo sai ta hau kan wadda ke fita. Mai magana yana jin kansa sarai, na bayan taro kuwa gunaguni kawai ke isa gare su. Ƙara murya ba ya maganin wannan, sai dai rage sauri.

MA'AUNIN MASANA

A Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake fassara jawabi nan take cikin harsuna shida, akan roƙi wakilai su riƙa magana da kalmomi 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Hirar yau da kullum a Turanci kuwa takan kai wajen 150. Watau ko ƙwararrun tafintocin duniya, masu na'ura a kunne da takarda a gaba, sai an rage musu sauri. To, ina ga yaron da aka tsamo daga rumfa aka ce ya fassara don kawai an haife shi a garin?

Daga nan lissafi ya fito fili. In an ba mutum minti goma, kuma da tafinta, to nasa biyar ne, sauran biyar na tafinta ne. Minti biyar a kan kalmomi 110 ya kama kalmomi 550, abin da bai wuce shafi biyu na rubutun hannu ba. Duk wanda ya shigo taro da shafi shida, ya riga ya yanke wa kansa hukuncin gudu tun daga gida.

Akan ji Bahaushe na cewa Ibo sun cika saurin magana, Ibo ma haka suke cewa game da Hausawa. Kowane harshe da ba a iya ba da gudu yake shiga kunne. A 2019 wasu masana harsuna, cikinsu har da François Pellegrino na Lyon a Faransa, sun buga sakamakon awon da suka yi wa harsuna 17 na Turai da Asiya. Sun tarar harsunan da ke jero gaɓoɓi da yawa cikin daƙiƙa, kamar Japananci, kowace gaɓa ɗan saƙo kaɗan take ɗauka, masu tafiya a hankali kuwa gaɓarsu ta fi nauyi, har ya zama yawan saƙon da ke isa kunne kusan ɗaya ne. Abin da wannan ke nunawa shi ne ƙwaƙwalwa tana da mudunta. In aka zuba mata fiye da mudun, sauran zubewa yake yi.

Shiru ma an auna shi. Wata malamar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta bayyana a 1972 cewa malamai in sun yi tambaya a aji ba su cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba. Da aka sa su jira daƙiƙa uku, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo da ma'ana, waɗanda ba su saba magana ba ma suka fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku ba kome ba ce ga mai sauraro, amma ga wanda ke tsaye gaban jama'a ji yake kamar an shekara. Wanda ya iya jure wannan shirun ya iya rabin jawabi.

GADON GIDA

Bahaushe ba ya bukatar zuwa ƙasar waje kafin ya koyi wannan, yana da shi a gida. Duk wanda ya zauna wurin tafsirin watan azumi ya ga yadda ake yi: mai jan baki ya kawo yanki ya tsaya, malam ya fassara ya yi bayani, sa'an nan a ja na gaba. Ba mai hawa kan wani. Da wannan tsari ne tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna ya riƙa shiga gidaje ta rediyo shekara da shekaru. Malaman tajwidi kuma sun kasa saurin karatu gida uku, akwai na natsuwa ƙwarai wanda ake koyarwa da shi, akwai matsakaici, akwai mai sauri, amma ko a mai saurin ba a yarda a haɗiye harafi ba. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya jero magana da gaggawa, har mai son ƙirga kalmominsa yana iya ƙirgawa. A wata ruwayar an ce yakan maimaita magana sau uku don a fahimta.

Cikin shugabannin ƙasar nan, wanda aka fi tunawa da wannan hali shi ne mutumin da ya buɗe gadar Anacha. Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, kuma halin aji bai bar shi ba. Wanda ya saurari faifan jawabinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba, 1960, ko wanda ya yi gaban 'yan majalisar Amurka a watan Yuli na 1961, zai ji yadda yake ajiye kowace kalma a mazauninta, ya ɗan dakata, sa'an nan ya ɗauko ta gaba. Laƙabin da aka yi masa na mai muryar zinariya ba don zaƙin murya kaɗai ba ne, har da wannan natsuwar.

Mutanen Anacha su ma ba baƙin iya magana ba ne. Dokta Nnamdi Azikiwe ɗan garin ne, ko da yake a Zungeru aka haife shi a 1904, ya tashi da Hausa a bakinsa, kuma da jawabi ya yi suna. A wannan kasuwa ce kuma aka yi ta buga ƙananan littattafai masu araha a shekarun 1950 da 1960, wasu na labarai, wasu na koyar da rubuta wasiƙa da zaman duniya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kasuwa shi ne wasan kwaikwayon Ogali A. Ogali mai suna Veronica My Daughter, na 1956, inda aka yi wa mai jibga manyan kalmomin Turanci dariya. Ashe ke nan masu sauraro a Anacha suna da kunne, sun san bambancin mai magana da mai surutu.

NAWA MA AIBI CE

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin mutum ya riƙa jan magana kamar mai jin barci. Ɗan kasuwar Anacha da ya bar rumfa ya zo taro yana ƙirga cinikin da ke wuce shi. In mai jawabi ya yi minti huɗu yana gaida manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, kafin ya iso ga batu an fara duba agogo, wasu sun fara zamewa. Daga nan ne zai ga lokaci ya ƙure ya kwasa da gudu, daidai wurin da ya kamata ya natsu. An juya abin ke nan: an yi nawa a wurin sauri, an yi sauri a wurin nawa.

Gwanaye sukan yi akasin haka. Gaisuwa a ba ta haƙƙinta a wuce. Su Ibo suna da tasu hanyar buɗe taro, a fasa goro a yi addu'a da harshensu, har sukan ce goro ba ya jin Turanci, mai magana kuma ya kira taro da gaisuwa su amsa masa baki ɗaya. Baƙon da ya jira aka gama wannan bai nuna ƙosawa ba, ya riga ya sami kunne. Labarin abin da ya faru, in kowa ya san shi, a taƙaita. Amma in aka iso ga bukata, da adadin kuɗi, da rana, da sunan wuri, nan ne za a sauke murya a tafi a hankali.

Dabarun ba su da wuya. Mutum ya tsai da batutuwansa tun a gida, kada su wuce uku. Kowace jimla ta ɗauki kaya ɗaya, in ta sauke a tsaya wa tafinta, kada a ci gaba sai ya rufe baki. Adadi a faɗe shi sau biyu, in da hali a rubuta a takarda a miƙa wa shugaban taro. In jawabin rubutacce ne, a ja layi da biro a duk inda za a numfasa, a kuma gwada karanta shi da ƙarfi ana duba agogo, in ya wuce wa'adi a yanke magana, kada a ƙara sauri. A zauna da tafinta kafin taro a gaya masa inda aka dosa, a daidaita kan kalmomi masu wuya irin su la'ada da jingina da wa'adi. Jimlar farko a yi ta a hankali fiye da yadda rai ke so, domin da saurin da aka fara da shi ake ƙarewa. Sa'an nan a zaɓi fuskar wani dattijo a can baya a riƙa dubawa. In ya karkato kunne yana yamutsa fuska, to an bar shi a baya, sai a jira shi.

ABIN DA KE KAN FAIFAI

Wani zai ce wannan duk ƙaramin abu ne. Mazauna Anacha sun san ba haka ba ne. A watan Fabrairu na 2006, bayan tarzomar da aka yi a Maiduguri ran 18 ga watan, rikicin ramuwar gayya ya ɓarke a Anacha, aka yi asarar rayuka da dama, aka ƙona masallatai, mutane suka tsallaka gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. A ƙarshen Fabrairu na 2021 kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir ya yi ta ruɓewa a Arewa, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a Kudu, kowa ya ji a jikinsa. Ba saurin baki ne ya haddasa waɗannan ba. Amma duk sa'ad da irinsu suka faru, a kan tabarma ko kujerar taro ake ƙarewa, kuma wanda ya miƙe magana a irin wannan rana yana ɗauke da rumfunan mutane da kwanciyar hankalin iyalansu.

Yanzu kuma nauyin ya ƙaru, domin kusan kowa a taro yana da waya a hannu. Jimlar da ta kuɓuce cikin fushi ana iya ɗaukarta, a yanke abin da ke gabanta da bayanta, ta isa Kano da Aba tun mai ita bai koma rumfarsa ba. Magana zarar bunu ce tun da can, balle yanzu da take da fiffike. Mai tafiya a hankali yana jin kalmarsa kafin ta fita, yana da damar mai da ita.

Dattawan da suka daɗe suna wannan aiki a Anacha da Inugu da Fatakwal suna tsufa, samarin da za su gaje su kuwa sun fi su boko, sun fi su Turanci da Ibo, amma jinin ƙuruciya na gudu. Ya kamata shugabannin al'umma su riƙa tafiya da su taro tun yanzu, a ba su ƙananan batutuwa su gwada, in an dawo gida a zauna a gaya musu inda suka yi gaggawa. Yadda ake koya wa yaro awo da ƙirgar canji kafin a bar masa rumfa, haka ya kamata a koya masa tsayawa da numfasawa kafin a ba shi bakin jama'a. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.